Kunnen Baƙar Akuya

A Kudan akwai wani yaro da ba ya rabuwa da danƙonsa. Ko tsuntsu ɗaya bai taɓa harbowa ba, amma kada ka kuskura ka faɗa masa. Ran nan sai 'yar fatar da ake sa dutse a ciki ta tsinke.

Ana cikin haka aka wayi gari baƙar akuyarsu ta mutu. Jiya lafiyarta ƙalau. Yau ga ta kwance, baƙin jini na fita ta hanci.

Baba ya ce, "Kada wanda ya taɓa ta. Bari in kira malamin dabbobi."

Abin ya ɗaure wa yaron kai. Akuyar da ta mutu, me za ta iya yi wa mutum? Baba na fita, yaron ya ɗauko reza ya yanki ɗan kunnenta. Garin sauri har ya ƙwarzane yatsa. Ya shanya fatar a kan rufin kwano, ya ɗaura wa danƙonsa. Akuyar kuwa aka binne ta a rami mai zurfi, ba wanda ya duba kunne.

Bayan 'yan kwanaki wani ƙurji ya fito masa a yatsa. Ya yi ƙaiƙayi, ya ɗuri ruwa, ya fashe. Tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi, hannu ya kumbura. Amma ko kaɗan ba zafi.

"Ciwo ne wannan, ko ba ciwo ba?" in ji shi a ransa. Sai ya riƙa ɓoye hannun a aljihu.

Wajen cin tuwo Inna ta gani. Ta yi salati, Baba ya ɗora shi a babur sai asibiti.

Sista Agnes ta sa safar hannu ta duba. Ta dangwali ruwan ƙurjin da auduga don a kai gwaji.

"Ɗana, ka taɓa mushen dabba?"

Baba ya riga shi amsawa. "Akuyarmu ta mutu, amma na hana kowa taɓawa."

Yaron ya sunkuyar da kai.

Sista ta ce, "Wannan ya yi kama da ciwon saifa, wanda muke kira antiraks. Ƙwayar cutar tana zama a jini da fatar dabba."

"Ko fatar ta bushe?" in ji yaron a hankali.

"Ko ta bushe ƙamas. Ƙwayar takan yi wa kanta ɓawo mai tauri ta yi barci, shekara da shekaru. Rana ba ta kashe ta. In ta sami ƙwarzane sai ta shiga. In ta bi ta baki kuwa, abin ya fi muni."

Ta baki! Sai yaron ya tuna. Da safe ya bar danƙon a tabarma kusa da ƙanwarsa Hafiza. Ita kuwa haƙori take fitarwa, kome ta samu sai baki.

"Baba, kira Inna! Danƙona! Kunnen akuyar ne a jiki!"

Baba bai tsaya faɗa ba. Ya danna waya. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Yaron ya fashe da kuka.

Can sai muryar Inna. "Danƙo? Ai kuna fita na share shi da tsintsiya, yana bayan rumbu. Hafiza na bayana."

Duk da haka Sista ta ce a kawo Hafiza a duba ta. Aka duba, lafiya lau. Gwajin yaron ya nuna ciwon ne. Ya sha ƙwayoyin magani, bai bari ba sai da suka ƙare, ko da ƙurjin ya soma warkewa. Aka ƙone danƙon, aka yi wa sauran awaki allura.

"Baba, ka yafe mini. Ban gane dalilin hanin ba ne."

"Abin da ba ka gane ba, tambaya ake yi," in ji Baba. "Dabbar da ta mutu farat ɗaya ba a taɓa ta. Kuma ba a ɓoye wa asibiti gaskiya."

Baba ya yanko tsohon takalminsa ya gyara masa sabon danƙo. Har yau yaron bai harbo tsuntsu ba. Amma kullum ya ga Hafiza na gwaguyar wani abu, shi ke fara rugawa ya duba.