Kwalin da Inji Ya Ƙi Karɓa

Da hantsi aka kira Sufeto daga kamfanin sabulu, wai fasfon baƙon injiniyansu ya yi ɓatan dabo. Ya so ya tura kofur, don a ganinsa takarda ba gawa ba ce, amma mai kamfanin ya dinga roƙo a waya har ya ji nauyi.

A ofis mai kamfanin ya warware masa zance. Injiniyan da bizar kasuwanci ya shigo ƙasar, irin wadda ake ba mutum ya zo taro ko ya duba kaya ya koma. Ba ta halatta masa ko riƙe sufana ba. Shi ya sa tun zuwansa hannunsa yana baya, makanikai na harhaɗa sabon inji, shi yana nuna musu da baki. An nema masa izinin aiki, hukumar shige da fice ta ce a kai fasfo gobe a buga. Bizar kuwa ta zo gargara. In ba a kai ba, baƙo zai tattara ya tafi, injin da aka kashe dukiya a kansa ya zama gunki.

Baƙon yana gefe a zaune, ya yi tagumi kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Sufeto ya duba durowar da aka ajiye fasfon. Ba a ɓalle ta ba.

"Makulli a hannun wa yake?"

"A hannuna, ranka ya daɗe," in ji sakatariya. "Ko barci da shi nake yi."

"Jiya da kika fita cin abincin rana fa?"

Ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta amsa cewa a kan tebur ta bar shi, kuma ofishin nata hanya ce, kowa yana ratsawa.

Manaja ƙanen mai kamfanin ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sufeto ya same shi a ɗan ofishinsa na ƙarshen baranda, tambaya ɗaya ya yi masa, ya samu amsa goma. Wai shi ne ya yi ɗawainiyar kamfanin nan tun suna dafa sabulu a ganga. Yanzu Yaya ba ya ganin kowa sai baƙo. Baƙo ne a gaban mota, baƙo ne a teburin abinci, har ofis mai sanyi da aka daɗe ana yi masa alkawari, baƙo aka ba.

Sufeto ya san wannan ciwon. Bara aka ɗaga wani da shi ya koya wa rubuta rahoto aka ɗora a kansa, har yau in ya sara masa sai ya kau da ido. Amma hassada ba hujja ba ce a kotu.

"Jiya ka shiga ɗakin inji?"

"Me zai kai ni? Ai yana da masu shi."

Sufeto ya sauka ɗakin injin da kansa. Kwalaye na tafe a jere a kan bel, ana lodawa a mota. Can gefe ya ga wani kwali shi kaɗai, ya tambayi shugabar masu lodi dalili. Ta ce sabon injin yana auna kowane kwali, wanda ya ɗara 'yan'uwansa nauyi ko da kaɗan ne sai ya ture shi gefe. Wannan tun jiya da yamma aka ture shi, ba a samu sukunin buɗewa ba.

Ya sa wuƙa ya farke. Fasfon yana kwance a tsakanin sabulai, ya sha ƙanshi.

"Wa ya san injin yana auna kwali?"

"Kowa, yallaɓai. Baƙon ya tara mu duka ya yi bayani, har masu shara da sakatariya."

"Duka?"

Ta kalli ƙofa, ta rage murya. Ta ce sai dai Manaja, wanda ya ce ba zai zauna kamar ɗan firamare wani ya karanta masa sabulu ba.

Sufeto ya sa aka kira kowa ofis, ya ajiye fasfon a tebur. Ya ce wanda ya ɗauka so ya yi mota ta tafi da shi inda ba mai ƙara ganinsa, kuma duk wanda ya saurari bayanin baƙo ba zai yi wannan wauta ba. Sannan ya juya ya zuba wa Manaja ido.

Manaja bai ja dogon musu ba. Ya ce shi ne, kuma ba sata ya yi niyya ba, so yake mutumin ya koma inda ya fito.

"Yaya, ka shigo da bare ka ɗora a kaina. Ya kake so in ji?"

Mai kamfanin ya ɗago ya dubi ƙanensa. Sannan ya ce masa:

"Hukuma ba ta ba baƙo izinin aiki sai an nuna ɗan ƙasa da zai koya a hannunsa, ya gaje shi in ya tafi. Sunanka na ba su. Jira nake a buga izinin in faɗa maka."

Manaja ya dafe kai da hannu biyu. Tausayinsa ya kama Sufeto, har ya hana kofur ɗin da ya rako shi fito da ankwa. Ya dafa kafaɗar Manaja ya ce su tafi.

Suna bakin ƙofa sakatariya ta tambayi mai kamfanin, a hankali, sunan wa za a kai wa hukuma gobe.