Kwamfutar Baba Tanimu

Ranar da aka ɗauke wuta muka taru a tsakar gida, Yaya Lantana 'yar kawunmu ta ce mu matso. Ita kaɗai ce mace a layin masu gyaran kwamfuta na kasuwarmu. Ta ɗaga babban yatsanta na dama, ta ce mu taɓa. Sanyi ƙalau, kamar an ciro shi daga randa.

Ta ce abin ya faro ne daga kwamfutar Baba Tanimu, tsohon da ke buga wa mutane takardu. Kwamfutar sai ta mutu haka kawai. Wani lokaci ta yi kwana biyu lafiya, wani lokaci minti biyar. Masu gyara uku sun duba, duk suka ce iska ce, ya nemi malami. Tsohon ya ce zai rufe shago, don ba shi da wata. Yaya Lantana ta ce ya bar mata, ba za ta mayar ba sai ta kira ciwon da sunansa.

Ita ƙa'idarta ɗaya: abu guda take canzawa, ta jira. Ta canza ram, ma'ajiyar tunanin kwamfutar, ta mutu. Ta canza akwatin wuta, ta mutu. Saura furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, da babban allon da komai ke zaune a kai, madabod.

Ranar Juma'a ce, rana tsaka. Maza duk sun tafi masallaci, layin ya yi tsit. Ta buɗe murfi, ta ɗauki bulowa ta hure ƙura. Ba ta yi bismilla ba. Ta ce mu lura da nan, don ko ruwan zafi ba a zubarwa a rariya haka.

Sai aka yi sallama. Wata mata ce doguwa, mayafi ruwan toka. Muryarta na da wani zuuu a ƙarƙashi, irin na fanka mai gajiya. Ta zauna a benci. Ƙurar da aka hure ta kwanta ko'ina a siminti, amma daga ƙofa zuwa benci babu sawu ko ɗaya. Yaya Lantana ta saci kallon baƙin gilashin kwamfutar. Ta ga kanta. Ta ga benci. Babu kowa a kai.

Matar ta ce, "Kin watsa mini 'ya'ya. A ɗumin nan suke barci. In sun juya ne kwamfutar ke mutuwa. Rufe ki mayar."

Yaya Lantana ta amsa mata:

"Na yi kuskure da ban nemi izini ba, ki yi haƙuri, baiwar Allah. Amma ba zan rufe ba. Abincin tsoho ne a ciki."

"Maza uku sun rufe."

"Su suka sani."

Yaya Lantana ta ci gaba da aiki. Ta cire fanka. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta ya bushe ya zama alli. Ga dalilin zafin. Ta goge, ta shafa sabo. Ta haska allon da tocila, ta ga kafasita biyu, 'yan gwangwanayen da ke daidaita wuta, sun kumbura. Ta cire su, ta sa sababbi. Duk wannan lokacin zuuu ɗin na matsowa, har ta ji shi a bayan kunnenta.

Matar ta tambaya ina za su kwana in ɗumin ya tafi. Yaya Lantana ta nuna tsohuwar sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta da ke lungu, wadda ba a taɓa kashewa. Ta ce ga ɗaki nan, ba haya, amma kayan mutane ba masauki ba ne.

Sai wani abu ya kama yatsanta ya matse. Da ta waiga, benci kawai.

Shekara huɗu ke nan, kwamfutar ba ta sake mutuwa ba. Yatsan bai sake ɗumi ba, sai dai in ta ɗora shi a allo mai ciwo, nan take ya yi zafi a daidai wurin. Duk da haka abu guda take canzawa, ta jira. Ta ce ba ta yarda da kyautar da ba ta roƙa ba.

Ƙanena ya tambaya ko suna nan har yanzu. Ta ce sitabilaizar tana zuuu ko ba wuta.

"Kada ɗayanku ya buɗe kwamfuta shi kaɗai da tsakar ranar Juma'a. In ya kama dole, yi bismilla kafin ka hura. In kuma ta zo ta ce ka rufe, gaishe ta da ladabi, ka ƙarasa aikinka."