Facin da Aka Yi wa Sunan Mwatumu

Ni na fara gani. Kafin uwarta, kafin alƙalan gasar, kafin ita kanta Mwatumu. Ni Kibwana, ban taɓa zama a aji ba, amma kwana uku na yi a teku rungume da katako ranar da jirginmu ya nutse, na fito da raina. Shekara hamsin ina yi wa kwale-kwale faci. Wa zai ɓoye min faci?

Mwatumu jikata ce. Ranar da ta fara riƙe buroshi a shagon saurayinta Shomari mai zane, nan bakin tekun Bagamoyo, sai da ya ƙyalƙyale da dariya.

"Masoyiya, ba muciya ba ce! Sassauta hannun."

"To ka nuna min mana, sarkin iyayi!"

Fentin guwash yake koya mata, wanda ake damawa da ruwa. Ya ce ta dama shi kamar madarar kwakwa tatsar farko. Ta cika ruwa, ya tsinke. Ta rage, ya bushe ya tsattsage. Shuɗin da ta shafa mai duhu, yana bushewa ya koɗe. Ta koma ta gyara da jiƙaƙƙen buroshi, na ƙasa ya taso, komai ya zama laka.

"Na haƙura, Shomari... ba zan iya ba."

"Za ki iya, zuciyata. Wannan fenti ba ya mutuwa. Ko ya shekara da bushewa, ɗigon ruwa na tashe shi."

Wata bakwai tana ɓata takarda. Sannan ta zana kwale-kwalen ubanta, ɗana Mwinyi, wanda teku ta riƙe ba ta dawo mana da shi ba. Har tsagar da ke gefen hagu ta sa. Uwarta na gani ta toshe baki da mayafi.

Da ta zo rubuta sunanta, buroshi ya ƙi. Sai ta ɗauki biro.

"Da biro? Kai, 'yan koyo!" in ji Shomari. "Kawo, zan sa masa gilashi in ba ki ranar aurenmu."

Saura sati biyu biki aka yi gasar masu zane a gari. Shomari ya ce kada ta wahala ta je, surutu ne kawai. Ni kuwa na je, don an ce da shayi da mandazi, irin fanken nan namu. Abin da na gani ya hana ni taunawa. Na koma gida na jawo ta.

"Kaka, lalle ake shirin yi min! Kishi ne ya motsa don zan bar ka?"

"Taho dai, amaryata."

Tana shiga ta tsaya cak. Ga kwale-kwalen ubanta a bango, ko gilashin babu, an rataya masa jan ƙyalle na wanda ya zo na ɗaya. Shomari na tsaye gefe ana ta gaisawa da shi.

"Shomari... zanena ne ya ci?" Har ta fara murmushi.

Ya kawar da kai. "Mwatumu, mu yi magana a waje."

Ta duba kusurwar ƙasa. Sunansa ne a wurin.

"Wane ne mai zanen?" in ji wata dattijuwa cikin alƙalan.

"Ni ne, Mama. Ita ɗaliba ce... tana wanke min buroshi."

Ban iya karatu ba, amma na ga shuɗin kusurwar nan bai bushe daidai da sauran ba. Na ce, "Jikata, me ya gaya miki game da ɗigon ruwa?"

Ta dube ni. Hawaye na zuba mata, ta dangwala da ɗan yatsa, ta goga a kusurwar. Sunan Shomari ya narke. Shuɗin ya tashi. Rubutun biro ya fito tar.

Shomari ya matso kusa da ita.

"Don mu na yi, wallahi! Wa ya san ki? Ba don sunana ba ko kallonsa ba za su yi ba!"

"Da ka roƙe ni, da na ba ka. Da hannuna zan rubuta maka sunanka... da biro." Ta nuna zanen. "Amma jirgin babana, Shomari? Kai ka share min hawaye ranar da na gama shi!"

"Masoyiya..."

"Mai wankin buroshi dai."

Ta zare zoben baikon da ya ba ta ta jefa a kofin shayin da ke hannunsa, ta sauke zanenta. Jan ƙyallen ta bar musu a ƙasa. Sai da muka kai bakin teku ta durƙushe, ta yi kukan da ban ji irinsa ba tun ranar Mwinyi.

Ba a yi bikin ba. Tana zane har yau, kuma da biro take sa suna.

Zanen na ɗakina, da tabon yatsanta a kusurwa. Wanda ya ce ƙarya nake ya zo, zan ba shi kofin ruwa da kaina. Ya goge sunan nan in ya isa!