Katin Da Goggo Ta Ce Ya Mutu

Saura kwana tara a rufe karɓar ɗalibai, wata marainiya kuwa tana tsaye a gaban gilashin ofishin biza karo na uku, hannuwanta da sabulu ya cinye suna dafe da takardu. Wata jami'a a ƙasar waje ta ɗauke ta karatun haɗa magunguna kyauta, har da ɗakin kwana, amma ma'aikaciyar ta sake turo mata fayil ɗin. In babu katin izinin zama a ƙasar nan, babu biza. Ko ta kawo shi, ko ta koma ƙasar iyayenta ta nema daga can. Ƙasar da ba ta san ƙofar gida ko ɗaya ba a cikinta!

Uwa tun wajen haihuwarta ta rasu, uba kuma, direban motar yashi, tana shekara goma sha biyu. Sai ga Goggo, ƙanwar uban, ta tsallako iyaka da 'yarta, wai ta zo riƙon marainiya. Ta ɗauke jakar takardun mamaci, ta ce izinin zama ya mutu tare da mai shi. Shekara tara ke nan yarinyar tana ɗakin baya na shagon wanki da gugar Goggo, tsakanin inji da tururi, a kan teburin guga ta yi karatun jarrabawa, ko mai gadin kanti ta hango da kaki sai gabanta ya faɗi. 'Yar Goggo kuwa, takwararta, don su biyun sunan kaka ɗaya suka ci, tana can tana aikin ofis hankali kwance... Kaico, maraici!

Marainiyar ta durƙusa gaban Goggo tana kuka, ta roƙi ko da tsohon katin ne. Goggo ko ɗago kai ba ta yi ba daga ninkin zannuwa.

"Kaza mai yawan tone-tone ita ke tono wuƙar yanka ta. Je ki kai kanki wajen hukuma, su watsa ki a mota. Wa ma zai riƙe min inji?"

Zama ya gagare ta. Ta je wajen lauya, ya girgiza kai. Ta rubuta wa jami'ar, suka ce ba ƙarin lokaci. Ta ƙona rigar wani mai kawo wanki, ta sha mari. Kan sallaya take zubewa tana faɗin, "Ya Allah, Kai ne gatan marar gata." Da ya rage kwana uku, tura ta kai bango. Ta ƙulle kayanta a leda, ta kai kanta ofishin shige da fice, a ranta kora ta fi wannan zaman.

Wani dattijon jami'i ya ɗora yatsunta a kan na'ura. Ya dubi allo, ya dube ta, ya sake duban allo.

"'Yata, wa ya ce miki ba ki da izini?"

Ashe wata guda kafin rasuwarsa uban ya kai ta an ɗauki yatsunta, ya samo mata izinin dindindin! Katin na nan da ransa, wata ce mai sunanta take yawo da shi shekara tara. Marainiyar ta sulale ƙasa, kuka ya ƙwace mata, "Wayyo Baba... ashe ba ka bar ni a wofi ba!"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kafin la'asar an rufe shagon, an taso ƙeyar Goggo da 'yarta, su da ba su taɓa mallakar izini ba, za a hukunta su a mayar da su inda suka fito. Goggo ta kamo gefen mayafin marainiyar tana magiyar ta ce da yardarta aka ari katin, ai jini ɗaya ne.

"Goggo, wankin na yafe, marin ma na yafe," in ji ta, hawaye na zuba. "Amma ba zan yi wa Baba ƙarya ba."

Aka mayar mata da katinta. Ana saura kwana ɗaya, aka buga mata biza.