Ƙudan Zuma Ba Su Tashi Ba

A kan teburin karin kumallo rigimar ta tashi, tun kofi bai huce ba. Noélie ta ce wa mahaifinta Baptistin saurayinta zai zo gaishe shi ranar Lahadi, shi kuwa ya ajiye burodin hannunsa kamar an ce masa gona ta kama da wuta.

"Direban 'yan kallon nan? A gidana?"

"Sunansa Cyprien, Papa."

"Na san sunansa. Na kuma san sawun mutanensa a kunyoyina."

Duk tudun Sault babu wanda bai san yadda Baptistin ya tsani 'yan yawon buɗe ido ba. Da zarar labanda, shukar da ake tace man turare daga furenta, ta yi fure, gonaki suka rine shunayya, sai su cika hanya da fararen riguna da malafu, su tattake shuka, su tsinki fure, su wuce ƙauyen Aurel cin cukun akuya. Cyprien kuwa aikinsa ke nan: ya kwaso su daga birnin Avignon a ƙaramar bas, ya zaga da su ƙauyuka, ya tsaya bakin gonar Baptistin don babu wadda ta kama ƙafarta a kyau. A nan ya fara ganin Noélie tana fatattakar fasinjojinsa. Ya sauko ba da haƙuri, haƙurin da har yau bai gama bayarwa ba.

Tsohon ya ce ta zaɓa, gona ko direba. Ita kaɗai ce 'yarsa, tun rasuwar mahaifiyarta ita ke tuƙa tarakta, ita ke tsayawa kan tukunyar tace mai. Amma in ta bi Cyprien, maƙwabci zai miƙa wa gonar.

Noélie ba ta yi masa kuka ba. Ta zaga bayan gida ta kira Cyprien, shi ma sai ya ƙara ɓata lamarin, ya ce ta bar tsohon da gonarsa, ɗakinsa na Avignon zai ishe su.

"Ke nake so, masoyiyata, ba fure ba..."

"To ni da furen tare muke," ta ce, ta kashe wayar.

Tana sonsa, son da ke hana ta cin abinci, amma ran nan haushin su biyun ta ji. Kowannensu rabinta yake so ya yanka ya tafi da shi.

Ranar Laraba da safe, ranar kasuwar Sault da bas ɗin Cyprien ke zuwa, ta jiyo rurin inji. Ta leƙa taga, ta hango Baptistin ya ɗaura injin yanka a tarakta ya nufi gonar bakin titi. Nan take ta gane nufinsa. So yake baƙin su iso su tarar da gona a aske, Cyprien ya sha kunya a gabansu.

Ta fita a guje, ko igiyar takalmi ba ta ɗaure ba. Kafin ta isa ya cinye kunya guda. Ta faɗa cikin kunya ta biyu, ta tsaya gaban injin ta harɗe hannu.

"Matsa, Noélie."

"Ba zan matsa ba."

"Gonata ce!"

"Kashe injin ka saurara, Papa. In ka ji, sai ka yanka."

Ya kashe, ba don komai ba sai don ya samu ya zazzage mata faɗa da kyau. Amma da injin ya yi shiru sai wata ƙarar ta fito, gonar gaba ɗaya tana zuuu da ƙudan zuma. Manomin labanda ba ya yanka sai fure ya fara yaushi, ƙudan sun fara tashi, lokacin ne mai ke cika. Wanda ya yi gaggawa ciyawa zai kai tukunya. Baptistin ne ya koya mata haka tana ƙarama, kuma shi ne mai yi wa masu saurin yanka dariya a kasuwa.

"Wahalar shekara za ka zubar don ka baƙanta wa mutum ɗaya?" Ta dube shi ido cikin ido. "Zan auri Cyprien bayan girbi, a ofishin magajin gari. Gonar nan kuma ba zan bar ta ba. Na faɗa masa ba zan zauna Avignon ba, kai ma ina faɗa maka ba zan rabu da shi ba. Ina sonka, Papa... amma ba zan zaɓa ba."

Ana cikin haka sai ga bas. Baƙin suka sauko suna ɗaga wayoyi, a zatonsu wasa aka shirya musu. Cyprien ya tsayar da su bakin kwalta, ya taho shi kaɗai. Ya dubi kunyar da aka aske, ya dubi Noélie, sai ya shigo ya tsaya gefenta a gaban injin.

"Maigida, ni ban san noma ba," ya ce. "Amma ita ba za ta bar nan ba, ni kuma ba zan bar ta ba. Sai dai ka koya mini."

Baptistin ya sauko bai kalle su ba. Ya taka zuwa inda ya yanke, ya duƙa ya ɗebi furen, ya murza a tafi ya shinshina. Ya daɗe a duƙe. Da ya miƙe idanunsa sun yi ja.

"Bai nuna ba," ya ce a hankali.

Can ya tambayi Cyprien ko ya iya ja da baya da tarakta mai jan tirela. Cyprien ya ce bai iya ba. Tsohon ya ce dama ya sani, ranar yanka ya zo da sassafe, kuma ba da wannan takalmin na 'yan birni ba. Ya koma kan tarakta, ya dubi 'yarsa.

"To, yanzu sai ki matsa."

"Ka fara juyawa, Papa."

Ya harare ta, ita ma ta harare shi, don idon iri ɗaya ne. Baptistin ya ja tsaki, ya tayar da inji, ya juya kan tarakta zuwa gida. Sai da ta ga ya fita daga gonar sannan ta zauna tsakanin kunyoyi ta fashe da kuka, hannun Cyprien damƙe a nata.