Wasiƙun Siddiq Zuwa ga Auwal

A shekarar 1995, wata ranar kasuwa bayan azahar, Siddiq ya tsaya a wani ɗan kantin littattafai kusa da Kasuwar Shanu ta Potiskum, ya ce a ba shi littafin rubutu mai shafi sittin. Budurwar da ke cikin kantin ta miƙo masa.

"Wannan ne na uku cikin wata biyu," ta ce. "Ko yaƙi da jahilci ka shiga?"

"A'a, Malama. Wasiƙa nake rubutawa."

"To lallai mai wasiƙar nan ta more."

Sunanta Murjanatu, malamar firamare ce, a gidan gwaggonta take zaune, tana taya ta zaman kanti idan an tashi makaranta. Ba ta san cewa wanda ake rubuta wa wasiƙar ya shekara biyu a kabari ba.

A da Siddiq direban motar shanu ne, Bubayaro ake kiransa a tasha. Wata rana ya ɗauko shanu daga Gadaka, amininsa Auwal na zaune a gefensa. Tun kafin su tashi Auwal ya ce ya ji birki na saki. Siddiq ya ce, "Mu je kawai, in mun isa a duba." A wata gangara birkin ya tsinke. Siddiq ya tsira da karaya a hannu, Auwal kuwa ko asibiti bai kai ba. Kowa ya ce ajali ne, mahaifin Auwal ya ce ya yafe. Zancen birkin nan, Siddiq bai gaya wa kowa ba. Ya ajiye tuƙi, ya ajiye sunan Bubayaro, ya koma sayar da dusa.

Wani nas ne ya ce ya riƙa rubutu don yatsunsa su saki. Ya rasa abin rubutawa, sai ya rubuta "Auwal". Daga nan kullum bayan sallar asuba sai ya zauna ya gaya wa abokinsa abin da ke ransa, ba ƙari ba ragi.

Sannu a hankali sayen littafi ya zama hira. Tana kiransa Mai Wasiƙa, yana kiranta Murjanata. Rabon da ya yi dariya har ya manta, sai ga shi yana yi. Bayan wata biyar ya tambaye ta inda zai tura magabatansa.

"Gidan Alhaji Muhammadu Lawan, dillalin shanu," ta ce tana sunkuyar da kai. "Ka bi shi a hankali. Tun da wani direba Bubayaro ya kifar da mota da yayana, Baba bai koma daidai ba. Ina kwaleji a Maiduguri aka aiko mini."

Nan take Siddiq ya gane ƙanwar Auwal ce. Ya yi mata sallama, bai sake bin titin nan ba.

Bayan sati uku wasiƙarta ta iske shi:

"Mai Wasiƙa, in wata ka samu, ka faɗa mini, ba zan riƙe ka ba. Baba yana so in saurari Umara ɗan abokinsa, ni kuma na ce ina da wanda nake jira. Kada ka mayar da ni maƙaryaciya. Taka, Murjanatu."

Ya ɗaure littattafansa goma sha ɗaya, ya kai wa gwaggonta, da 'yar takarda a sama: "Murjanata, ni ne Bubayaro. Ki karanta, sannan ki yanke hukunci."

Wata biyu bai ji daga gare ta ba. Bai daina rubutu ba. Wata safiya ya rubuta:

"Auwal, yau ban zagi kaina ba. Na yi ganganci, ka faɗa ban ji ba, wannan ba zai goge ba har in mutu. Amma ban nufe ka da sharri ba, kai ma ka sani. Na roƙi Allah gafara shekara biyu, ni kuma na hana kaina. Na gaji. Ko ƙanwarka ta dawo ko ba ta dawo ba, zan rayu, in riƙa yi maka addu'a."

Ranar da Murjanatu ta aiko ya zo, ya same ta ta rame.

"Na tsane ka sati uku cur," ta ce. "Shafin birkin nan sau ashirin na karanta shi."

"Kina da gaskiya."

"Ban gama yafe maka ba, Siddiq. Amma da ka ɓoye, da ban taɓa sani ba, kuma ba ka ɓoye ba. Ka je ka gaya wa Baba da bakinka."

Ya je. Ya durƙusa a zaure ya faɗi komai.

"Da na yafe maka, ban san da wannan ba," in ji Alhaji. "Yanzu ka ɗauke mini ɗa, ka dawo neman 'ya? Tashi ka ba ni wuri."

Ya Meram, mahaifiyar Murjanatu, ba ta iya karatun boko ba, sai ta sa 'yarta ta riƙa karanta mata littattafan da rana. A ciki ta ji yadda ɗanta ke tsayar da mota a Nangere don ya sayo mata man shanu, da yadda yake kwaikwayon faɗanta har 'yan tasha su faɗi don dariya. Ta yi kuka ta gode Allah. Sannan ta sami maigidanta.

"Alhaji, a gidan nan kowa na tsoron ambaton Auwal saboda kai. Yaron nan kaɗai ne bai daina magana da shi ba."

Sai da aka yi damina guda ana kai ruwa rana. Umara ya gaji ya auri wata. Daga ƙarshe Alhaji ya ce ba zai hana ba, amma ba zai zauna wajen ɗaurin auren ba, ƙaninsa Jalo ya yi waliyyi.

Haka aka ɗaura shi ranar wata Juma'a, ba kiɗa ba taro. Da la'asar Baffa Jalo ya raka ango gaisuwa. Siddiq ya durƙusa a bakin zaure, bai ɗago kai ba. Alhaji bai miƙa masa hannu ba. Har Baffa Jalo ya yunƙura zai ce su tashi, sai tsohon ya yi magana.

"Har yanzu in na gan ka, shi nake gani. Ban san ranar da hakan zai daina ba. Amma ba zan bar 'yata ta fita ba albarka ba." Ya share ido da hannun riga. "Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a ta gari. Ka riƙe ta da kyau, ita kaɗai ta rage mini."

Siddiq ya ce amin. Daga bayan labule ya ji Murjanatu ita ma ta ce amin, tana kuka.