Mai Sayen Ƙullin Gishiri

Kaltum ce ta ba ni labarin nan da bakinta, a gidanta abin ya faru, nan unguwar Shehuri.

Surukinta, Baba Mikail, shekara arba'in yana da ɗan shago a jikin zaure. Gishiri, kanwa, daddawa, ko cokali ɗaya kake so zai ƙulla maka a leda. Da ya rasu, mijin Kaltum, Abdulmutallib, ya gaji wurin. Wai shi ɗan boko. Ya sa ƙofar gilashi, ya ce daga yau sai kwali sai buhu, ƙulli aikin matsiyata ne. Tsofaffin unguwa suka daina zuwa, ko a jikinsa.

Wata Alhamis ana kiran magariba, Kaltum tana kwashe burabusko, sai dutse ya faɗo tsakar gida. Ƙarami, da ɗuminsa. Na biyu ya fasa tulu. Ba kowa a kan katanga, ba kowa a lungu. Gidan ya yi tsit, har kaji suka ƙi shiga akurki. Kwana bakwai ana haka. A na takwas 'yarta Mu'mina ta zauna a ƙofar shagon, ta miƙa tafin hannu. Ta ƙi ci, ta ƙi sha, ba ta gane uwarta. Da leɓenta ya fara tsagewa, Kaltum ta ja mayafi, ta kirawo Goni Ibrahim Khalil.

Goni ya daɗe yana karatu a kanta. Can sai muryar tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

“Ya isa, Goni. Ciniki na zo.”

“Wace ce ke?”

“Duk Alhamis nake sayen ƙullin gishiri a nan, tun ba a haifi wancan mai shagon ba. Ya ce in ɗauki buhu. Ni da nake kwana a kogon tsamiya, ina zan ajiye buhu?”

Daga bayan Goni, Abdulmutallib ya ce, “Hajiya, ai tsarin zamani ne...”

“Rufe mini baki! Ubanka bai taɓa duban ƙafafuna don ya ga ko kofato ne ba, balle ya kore ni.”

Goni ya ce, “Ki ji tsoron Allah. Me yarinyar ta yi miki?”

“Ba ta yi ba. Ubanta ya ƙulla mini da hannunsa in tafi. Kuma kar ya ƙara korar mai ƙaramin ƙarfi.”

Sau uku gishirin yana zubewa, ƙaton banza ko ƙulli bai iya ba. A na huɗu ya ɗora a tafinta. Hannun ya rufe, ya buɗe, babu komai. Mu'mina ta yi atishawa, ta ce, “Mama, ƙishi nake ji.” Kaltum ta rungume ta tana kuka.

Washegarin ranar da na ji, da sassafe na je shagon, na ce a ba ni kanwa, ƙulli ɗaya. Ya ƙulla. Na ce bai ƙullu ba, ya sake. Sau uku na sa shi, sai satar kallon ƙafafuna yake yi.